Faɗuwar da Ba Ta Koya Ba

Ƙanƙarar da na sani a duniya ita ce ta Arfa. Duk shekara idan Hajji ya zo ana ɗaukarmu aikin girki a tantunan alhazai, motoci su sauke ta dunƙule-dunƙule, mu farfasa mu zuba a durom ɗin ruwa, hannu na daskarewa ƙafa na ƙuna. To a ce wai mutum da hankalinsa zai shimfiɗa wannan abu a ƙasa, ya ɗaura wuƙa a ƙarƙashin takalmi, ya hau yana juyi, sai da 'yata ta nuna min a waya sannan na yarda. Na ce mata, "Su kuma waɗannan laifin me suka yi aka yi musu wannan hukunci?" Ta yi dariya har da riƙe ciki.

Daga Kano muka zo Umara ni da mijina, da ƙuruciyarmu, muka zauna. Ba mu da igama, wato takardar izinin zama, ba mu taɓa samu ba. A wani ɗaki a saman wani tsohon bene a Hindawiyya na haifi yarinyar nan, wata tsohuwa 'yar Sakkwato ce ta yanke mata cibi. Babu wata takarda a duniya da ta san da zamanta. Makka ce garinta, Larabcinta ya fi Hausarta, amma duk ranar da aka kama mu, jirgi za a sa ta zuwa ƙasar da ba ta taɓa gani ba sai a hoto.

Kuma na san yadda ake kama mutum, don a gabana aka yi. Mijina lebura ne a wurin gini. Ya faɗo daga sama ya karye a cinya, abokan aikinsa suka ruɗe suka kira motar asibiti. An yi masa magani, ba zan yi musu ƙarya ba, an kula da shi. Da ya warke aka tambayi takarda, babu, aka wuce da shi tarhil, inda ake tara mutane kafin a mayar da su gida. Yanzu yana Kano yana ɗingishi, sai dai a waya. Lokacin yarinyar ba ta daɗe da fara tafiya ba.

Daga ranar na kafa doka a gidana, kuma ni mace ce mai zafi, ba na maimaita magana. Ba gudu a matakala. Ba hawa katanga. Ba wasan da ake faɗuwa. Idan kuma ƙaddara ta sa kin ji ciwo a waje, ki haɗiye, ki miƙe, ki yi murmushi, ki taho gida, domin kuka ne ke tara jama'a, jama'a kuma su ke kiran askar, wato 'yan sandan ƙasar. Tana ƙarama ta taɓa taka kwalba a bakin bagalar unguwarmu, shagon da muke sayen burodi. Ta tako har sama, jini na bin matakala, ba ta ce uffan ba. Ranar na yaba mata, har na saya mata alewa.

To wannan yarinya ce, da ta fara tasawa, ta kamu da son wasan zamiya a kan ƙanƙara. Ina tuƙa tuwon sayarwa tana tsugune gefena da waya tana yi min karatu. Wai kala-kala ne. Akwai na mutum ɗaya, mace ko namiji, ya yi tsalle ya juya a sama ya sauka da ƙafa ɗaya yana baya-baya. Akwai na mutum biyu, inda namijin ke ɗaga macen sama da hannu ɗaya, wani lokacin ma ya wurga ta.

Na ce, "Ya wurga ta? Iyayenta suna raye?"

"Umma, ai da saninta ne!"

"Da saninta a wurga ta? Allah ya shirya."

Akwai kuma wanda ta ce rawa ce zalla, su biyu ne amma ba a wurga kowa, kiɗa ake bi ƙafa da ƙafa. Da wanda 'yan mata da yawa ke sarƙe hannuwa su tafi a jere, su buɗe su rufe. Wannan na ƙarshen ne kaɗai ya ɗan kwanta min, don na ga ko ɗaya ta zame akwai mai riƙe ta. Ita kuwa na mutum ɗaya take so, wanda babu mai riƙe ka. Duk lokacin da wata ta yi tsalle a wayar nan sai in kau da kai ina salati. Idan ta faɗi a nuna ta ta zame har bango, ni cinyar mijina nake gani.

Wata rana na dawo daga kai abinci na tarar ta naɗe tabarma, ta sa safa, tana zamiya a kan tayil ɗin ɗakinmu. Ta ɗaga ƙafa ɗaya baya, ta buɗe hannuwa, tana tafiya daga bakin ƙofa zuwa jikin firji. Na yi mata tas. Na ce idan ta karye ta nemi uwar da za ta kai ta asibiti, ni ba ni ba ce. Ta sunkuyar da kai ta ce to. Washegari na ga safar a wanke a kan igiya, gindinta ya yi baƙi. Na bar ta, don gaskiya ban taɓa ganin ta ko tangaɗi ba. Yarinyar da aka hana faɗuwa tun tana koyon tafiya, ƙafarta a dashe take.

A ƙasan benenmu akwai wata Hajiya, ita ma Bahaushiya ce amma haifaffiyar nan, kakanninta ne suka zo da ƙafa tun zamanin da. Suna da takardar ƙasa, mijinta na da mota, Hausarta a karye kamar ta 'yata. Mutuniyar kirki ce, ba ta taɓa nuna min bambanci ba. Tana da 'ya sa'ar tawa, kuma ita wannan 'yar ana kai ta Jidda koyon wasan, a wani katafaren kanti mai filin ƙanƙara a ciki. Ka ga inda wutar ta taso.

Hajiya ta hau sama da kanta ta same ni. Ta ce, "'Yar'uwa, ki bar ta ta zo sau ɗaya. Hajji ya wuce, hanya ta yi sanyi, ba sa tsayar da motar iyali. Ta taka ƙanƙarar nan ko ranta ya kwanta."

Na ce, "Hajiya, ke idan 'yarki ta faɗi kati za ki zaro. Ni me zan zaro?"

Sai dai yarinyar ba ta roƙe ni ba, kuma wannan ne ya karya ni. Da ta yi kuka ta yi birgima da na samu abin yi wa faɗa. Sai kawai ta daina nuna min wayar. Ta daina sa safar. Tana wanke-wanke shiru, tana amsa min da "to, Umma." Na kwana biyu ina kallonta, na ce a raina, wannan yarinya ba ta taɓa zuwa bakin teku ba, ba ta taɓa hawa lilo ba, duniyarta daga Harami sai bagala. Na sauka na ce wa Hajiya na yarda, amma ƙafata ƙafarta.

Bayan azahar muka tashi ranar wata Asabar. Tsakanin Makka da Jidda akwai shingen bincike, kuma shekara da shekaru ban bi ta wurin ba. Ina bayan mota tsakanin yaran biyu, na ja niƙabi, ina karanta duk addu'ar da na iya har da ta shiga banɗaki. Fita ba ta cika wahala ba, shigowa ce abin tsoro, haka mijin Hajiya ya ce wai don ya kwantar min da hankali. Na ce masa ya kyauta, yanzu ya ba ni abin da zan yi ta tunani har mu dawo.

Da muka shiga wurin sanyi ya dake ni har ƙashi. Fili ne fari fes, an kewaye shi da ɗan bango da gilashi, yara na ta shawagi, kiɗa na tashi. Abin da idona ya fara nema shi ne masu kaki, kuma na same su: mai gadi ɗaya a ƙofa, da wani a gefen fili zaune kusa da jaka mai alamar asibiti. Na nuna wa 'yata shi da ido. Ta gyaɗa kai, ta gane.

Aka ba ta takalman haya. Na karɓa na juya su, na shafa ƙarfen da yatsa. A gaban kowane akwai 'yan haƙora kamar na zarto. Na tambayi amfaninsu, ta ce da su ake cakar ƙanƙara a yi tsalle. Na ce to ke babu ruwanki da su. Na ɗaure mata igiyar da kaina, na ja har sai da ta ce, "Umma, jinina zai tsaya."

Mai koyar da su wata matashiya ce, kyaftin suke ce mata. Ta tara sababbin zuwa a gefe ɗaya, kusa da inda nake tsaye na manna goshi da gilashi. Ina jira in ga an fara koya musu tafiya, sai na ga ta durƙusa ta kife a gefenta da gangan, ta miƙe tana dariya. Na tambayi Hajiya me ke faruwa. Ta ce ai darasin farko ke nan, faɗuwa. Kafin a koya maka komai sai an koya maka yadda za ka faɗi: ka lanƙwashe gwiwa, ka saki jiki, ka sauka a kan cinya, ka naɗe hannuwanka a ƙirji. Ko kusa kada ka tare ƙasa da tafin hannu.

Yara suka dinga zubewa suna shewa. Tawa tana tsaye ƙiƙam.

Kyaftin ta matso ta ce mata, "Yalla, faɗi." Ta lanƙwashe gwiwa, ta yi ƙasa kaɗan, sai ta miƙe. Ta sake, ta sake miƙewa. Jikin ya ƙi. Ta waiwayo ta kalle ni ta cikin gilashi, ni kuwa wallahi ban san lokacin da na girgiza mata kai ba. A gaban mai jakar asibiti za a ce 'yata ta kwanta a ƙasa? Kyaftin ta yi ta lallashi, ta gaji, ta ce ba komai, wata rana za ta koya. Suka wuce darasi na gaba.

Nan fa yarinya ta ba kowa mamaki. Sauran na riƙe da bango suna tale ƙafa, ita ta saki ta tafi. Da farko a hankali, tana tura ƙafa ɗaya bayan ɗaya yadda take yi da safa, sannan ta ɗan ƙara. Ta zagaya fili ta dawo, mayafinta na kaɗawa, bakinta a buɗe. Ban taɓa ganin haƙoranta duka a waje haka ba. Kyaftin ta tambayi Hajiya a ina aka koya mata, Hajiya ta ce a kan tayil, suka yi dariya. Ni ban yi ba. Na riƙe ƙarfen gilashin har yatsuna suka yi fari. Ina jin daɗi, ina jin tsoro, tsoron ya fi yawa.

Ana gab da tashi ta je can tsakiya, inda babu bango babu kowa. Na ga ta buɗe hannuwa, na san abin da za ta yi, abin nan na tsakanin ƙofa da firji. Na buga gilashi na ce, "Ke! Kar ki soma!" Ina, kiɗa ya cinye muryata. Ta ɗaga ƙafar baya, ta sunkuya gaba, ta tafi a kan ƙafa ɗaya, kyakkyawa, ɗan lokaci kaɗan. Safa ba ta da haƙora. Takalmin nan yana da su. Da nauyinta ya koma gaba suka caki ƙanƙara, ƙafar ta tsaya cak, jikin ya wuce. Ta miƙa hannun dama ta tare ƙasa.

Innalillahi! Mai jakar nan ya miƙe ya ɗauki jakarsa ya nufi ƙofar fili. Na ga komai a lokaci ɗaya: motar asibiti, tambayar suna, tambayar lamba, tarhil, jirgi.

Kafin ya taka ƙanƙarar ta miƙe. Ta karkaɗe gwiwa da hannun hagu, ta ɗaga masa shi tana murmushi, ta ce da Larabci babu komai. Har ta ƙara zagaye ɗaya a hankali don ya gani. Mutumin ya koma ya zauna. Na sauke ajiyar zuciya, na ce Alhamdulillahi, Allah ya rufa asiri. Da ta fito na rufe ta da faɗa ƙasa-ƙasa, na ce ba na hana ki ba? Ta ce, "Yi haƙuri, Umma." 'Yar Hajiya ce ta kwance mata takalma suna hira, ta kuma yafa mata abaya a kafaɗa, ban kawo komai a raina ba.

A mota hankalina duk yana kan shinge. Rana ta yi sanyi, motoci sun yi layi, muna matsawa kaɗan-kaɗan. Wani askar ya ɗaga hannu, mijin Hajiya ya sauke gilashi ya miƙa katinsa. Askar ɗin ya leƙo baya. Ya kalli Hajiya, ya kalle ni, ya kalli yaran. Tawa ta yi masa sallama da Larabcinta na 'yan gari, tana murmushi. Ya amsa, ya mayar da katin, ya ce mu wuce. Sai da muka yi nisa na lura gumi na tsattsafo mata a saman leɓe, alhali na'urar sanyi na aiki. Na ce tsoro ne, ai ni ma na jiƙe.

Mun iso Hindawiyya ana shirin kiran magariba, masu tasi na ta hon, masu shago na jan ƙofa. Muka hau sama, Hajiya ta biyo mu da ragowar kayan ciye-ciye. Na ce wa yarinyar ta cire abaya ta yi alwala. Ta tsaya a tsakiyar ɗaki ba ta motsa ba.

"Ba da ke nake ba?"

"Umma, ki cire min. Ba zan iya ba."

Na yaye abayar. Hannun dama na manne a cikinta. Wuyan hannun ya kumbura ya yi suntum, ya karkace ta inda hannu ba ya karkacewa, yatsun sun yi shuɗi-shuɗi. Da wannan hannun ta yi wa mai jaka murmushi, da shi ta ƙara zagaye, da shi ta gaishe da askar.

Hajiya ta dafe ƙirji ta ce, "La ilaha illallah! Ku taso mu tafi asibi..." Ba ta ƙarasa ba. Muka kalli juna. Ta zauna a bakin katifa ta fara hawaye, tana cewa laifinta ne. Na ce Hajiya ba lokacin wannan ba ne, ki aika a kira min mai ɗori.

Muna da shi a unguwa, wani dattijo ɗan Damagaram, shi ne asibitin duk wanda ba shi da takarda. Ya zo bayan sallah da 'yan sandunansa da ƙyalle da man shafawa. Ya tattaɓa hannun, ya ce karaya ce, amma ƙashin bai fasa fata ba, da sauƙi. Ya ce in zauna a bayanta in rungume ta da ƙarfi, Hajiya ta riƙe gwiwar hannun. Ya ce, "'Yata, zan ja. Ki yi ihunki, babu kunya."

Ya yi bisimilla ya ja. Na ji ƙarar ƙashin a cikin nawa jikin. Yarinyar ta sandare a ƙirjina, bayanta ya jiƙe sharkaf, ƙafafunta na kankarar tayil, amma ko tari ba ta yi ba. Dattijon ya ɗago ya dube ta, ya dube ni. Ya ce ya ɗora ƙartin maza masu dakon buhu, sun tara masa unguwa da ihu, bai taɓa ganin irin wannan ba. Yabo yake yi, bawan Allah. Ni kuwa ji na yi kamar ya mare ni.

Ya jera sandunan ya naɗe, ya ce kada ta motsa shi, zai dawo ya duba. Hajiya ta raka shi ƙasa. Muka rage daga ni sai ita. Tana zaune a kan katifa, hannun a kan matashi, leɓenta ya fashe inda ta cije shi. Tsorona bai tafi ba, ya dai canja wuri. Da ina tsoron a ɗauke min ita, yanzu ina kallonta ina tsoron abin da ke zaune a gabana, yarinya ƙarama da ƙashinta ya karye tun Jidda fuskarta ba ta nuna ba.

Na durƙusa na ce, "Uwata, yi kuka. Muna gida."

Ta kalle ni kamar na yi wani yare. Na sake cewa, "Na ce ki yi kuka. Ni na ce."

Ta juya ta kalli ƙofa. A hankali ta ce, "Umma, kin sa sakata?"

Na tashi na sa.

"Tagar fa?"

Na rufe tagar, na ja labule, na kunna na'urar sanyin nan tamu mai ƙarar injin niƙa. Na dawo na zauna. Ta ɗan jira, tana sauraro, ta tabbatar babu mai hawa matakala. Sannan ta buɗe baki.

Na rungume ta ina jijjigawa, ina jin kukan na fita da ƙyar, a shaƙe, yana tsayawa yana tashi. Ni na haife ta, ni na raine ta a ɗakin nan ita kaɗai, amma da a bayan bango na ji wannan kukan, wallahi da na tambayi 'yar waye.